Man tirim na injin jirgin ruwa: inda masu jirgi suka fi yin kuskure

Manyan injinan da ake ɗaura wa jirgi a baya, irin waɗanda ake gani a Yawuri da tafkin Kainji, wasunsu suna da maɓallin ɗaga inji da sauke shi. Wannan na'ura ita ce tirim. Ƙaramar motar lantarki ce (ba ta hawa ba) mai jan wuta daga batir, tana juya famfo, famfon yana tura mai cikin silinda, sandar ƙarfe ta ɗaga injin. Mai kaɗan take ɗauka, shi ya sa ake raina ta, a ɗura mata duk abin da hannu ya kai gare shi.

Mafi munin kuskure shi ne zuba man birki. Makaniken mota yakan ce ai duk aikin matsi ne, to ba haka ba ne. Man birki DOT 3 da DOT 4 ba daga ɗanyen mai ake yin su ba, kuma robobin da ke cikin tirim ba a yi su don shi ba. Sai su kumbura, su yi laushi, mai ya fara yoyo, injin ya riƙa sulalewa ƙasa da kansa. Ga shi kuma man birki yana zuƙar ruwa, a na'urar da take kwana cikin ruwa! Wanda ya riga ya zuba, ƙara mai mai kyau a kai ba zai fisshe shi ba. A zubar da shi duka, a wanke, a canja robobin.

Man giya SAE 90 na ƙafar injin ne, wajen farfela. Ya yi wa famfon tirim kauri, sai ka ji motar tana nishi, batir yana wahala. Man TC-W3 kuwa na garwayawa da fetur ne.

To me za a zuba? Fara da littafin injinka. Yamaha na da man tirim na Yamalube, Mercury na da na Quicksilver. Littattafan Yamaha da dama sun ambaci ATF Dexron II, Mercury kuma ya yarda da Dexron III idan ba a sami nasa ba. ATF shi ne man giyar mota mai otomatik, ja ɗin nan da ake samu a shagon kayan mota. Masu zuba baƙin mai suna da 'yar hujja, domin an yarda da 10W-30 a wasu famfunan MerCruiser, amma wannan injin cikin jirgi ne, ba irin naka ba. Ni dai shawarata, ka tsaya a kan mai iri ɗaya.

Yadda ake duba man ma ana kuskure. Kada ka buɗe murfin man tirim alhali injin yana ƙasa, man zai feso maka a fuska. Ɗaga shi har ƙarshe, ka sa ƙarfen tokarewa don kada ya faɗo maka a hannu, ka goge yashin da ke bakin murfin, sannan ka kwance a hankali. Man ya kamata ya kai daidai leɓen ramin. Bayan ka ƙara, rufe, ɗaga ka sauke sau huɗu ko biyar don iska ta fita, ka sake dubawa. Tirim mai tafiya da fizge-fizge, yawanci iska ce a ciki.

Idan man ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, galibi ta robar bakin sanda, bayan tsatsa ko yashi sun karce ta. Tirim ba ya ƙona mai, don haka raguwarsa kullum yoyo ne. Nemo inda yake fita kafin ka sayi wata kwalba. In jirgin zai daɗe a ajiye, a mayar da sandunan cikin silinda, kada a bar su tsirara a waje.