Darasi Na Biyar: Daga Zanen Goyo Zuwa Tatata

Jariri lafiyayye yakan zo duniya da nauyin kilo 2.5 zuwa 4. Kafin ranar suna sai a ga ya ɗan rame. Kada hankali ya tashi, cikin mako biyu zai mayar da jikinsa. Nono kawai yake bukata, tun daga dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Wasu kakanni kan ce a matse a zubar. Don Allah a bar masa abinsa, shi ne rigakafinsa na farko.

Ƙarfin yaro daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa. Bayan arba'in zai dubi fuskar uwarsa ya yi murmushi. A wata uku zuwa huɗu wuyansa zai tsaya, a goya shi ba tare da kai na langaɓewa ba. Wajen wata shida sai zama, a girke shi cikin kwando ko a kewaye shi da matasai. Rarrafe kan zo wajen wata tara. Daga nan ya dafa bango ya miƙe, yayyensa na riƙe da hannunsa suna yi masa tatata. Wani yakan taka kafin shekara, wani sai bayanta. Amma idan ya kai wata 18 bai taka ba, a kai shi asibiti.

Wata shida na farko nono zalla ake ba shi, ko ruwa ba a haɗawa, domin akwai ruwa a cikin nono. Bayan nan a fara kunu mai kauri da gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, da ganyen zogale, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Ga inda ake yawan kuskure. Haƙori kan fara fitowa daidai lokacin da yaro ke kai duk abin da ya samu baki: takalmi, ƙasa, murfin buta. Sai zawo ya kama shi, a ce ai haƙori ne, a zauna jira. Ƙazantar da ya haɗiya ce. Uwa ta taɓa maɗigarsa, wurin nan mai laushi a tsakar kai. Idan ta faɗa ciki, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. A ƙara ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a tafi da shi ranar nan.

Maigida ma ya riƙa duba katin awo. Nauyin haihuwa yakan ninka sau biyu wajen wata biyar, sau uku a shekara. Layin kati ya daina hawa wata biyu a jere? A tambayi ma'aikaciyar lafiya.

Aiki: Ɗauko katin ɗanka ko 'yarki. Rubuta nauyin haihuwa da na awon ƙarshe, sannan ranar allurar ƙyanda ta wata tara.