Masu karɓar oxaliplatin, a guji sanyi

'Yan uwa masu jinyar ciwon dajin hanji, Allah Ya ƙara sauƙi. Duk wanda ake sa wa oxaliplatin, wani maganin ciwon daji, a cikin ƙarin ruwa, ya nisanci sanyi na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye. Kurɓi ɗaya na ruwan firji, sai ka ji maƙogwaro kamar ya shaƙe, yatsu kuwa kamar ana tsira musu allura da zarar sun taɓa abu mai sanyi. A sha ruwa mai ɗumi, alwala ma da shi, balle da hunturu. Masu kula da marasa lafiyan, ku riƙa ɗauko musu kaya daga firji. In yatsu suka mutu har ɓalla maɓallin riga ya gagara, a faɗa wa likita kafin zagaye na gaba, yana iya rage maganin.