Faɗuwar gaba da abin da muke zubawa a ciki: kurakuran da na gaji da gani

Samarin da ke zuwa mini da kukan faɗuwar gaba, saboda sun san na taɓa fama da ita, maganarsu ɗaya ce. Zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, ga wani tsoro da ba a san mafarinsa ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wani ma an ce masa iska ce. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma da zarar na tambayi mutum me ya shiga cikinsa tun asuba, sai ya hau sosa ƙeya.

Babban kuskure, wanda ya fi cin mutane a garin nan namu na Maraɗi, shi ne shayin fada, wato majalisar hirar samari, a kan cikin da babu komai. Ka ratsa unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo bayan isha'i, kowace kwana za ka tarar da buta a kan gawayi. An cika ta da ganye, an tafasa har ya yi baƙi, an zuba sukari ba awo, kuma kowa na rububin zubin farko don shi ne mai ƙarfi. Wannan ƙarfin da ake yabo sinadarin kafeyin ne. Aikinsa shi ne ya toshe saƙon da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji, sannan ya zaburar da sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. Shi ya sa zuciya ke gudu, tafin hannu ya jiƙe, alhali babu abin da ya biyo ka. Kuma ba ya barin jiki da wuri: bayan kamar awa 5, rabinsa na nan a jini. Wanda ya sha ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 yana juyi a tabarma. Gobe ya tashi a gajiye, ya nemi Nescafé wurin mai shayi, da rana ya ɓare goro, da yamma ya ƙara da lemun gwangwanin nan na ƙara kuzari. Dukkansu abu ɗaya ne a ciki. Masana sun sa iyaka kusan miligiram 400 a yini ga babba mai lafiya, 200 ga mai juna biyu, kuma ƙaramin gwangwani guda kan kai 80. Mai saurin fargaba kuwa tun kafin ya kai iyakar jikinsa ke fara kuka.

Wannan abu ya ci mini kuɗi, shi ya sa nake zafi a kansa. Wata shekara da ɗinkin Sallah ya yi mana yawa, kwana muke a kan keke, buta ba ta sauka daga wuta. Na wayi gari da tabbacin ciwon zuciya ya kama ni. Har ƙetare iyaka na yi zuwa Katsina, aka yi awo iri-iri, kuɗin ɗinkin duk suka tafi can. Likitan ya duba takardu ya ce zuciya lafiya lau, sannan ya tambaye ni, Malam, kofi nawa kake sha a dare?

To, amma kada ka ji haka ka yanke shi rana ɗaya, wannan ma wani kuskuren ne. Cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai sauko maka da ƙunci, yana iya ɗaukar mako guda, sai ka ce ai ga shi barin shayin ne ya ƙara maka ciwo, ka koma. Ni yadda nake yi: na farko ina miƙa wa na kusa da ni, in jira na uku da ya yi laushi. Bayan la'asar ba na taɓawa sam. Kuma sai na ci wani abu tukuna. Abokan fada za su yi maka tsiya su ce ka tsufa. Bar su, ba su ne za su kwana ido biyu a madadinka ba.

Kuskure na biyu shi ne fita ba karin kumallo. Ɗan kabu-kabu ya hau babur tun da duku-duku, ɗan kasuwa ya buɗe rumfa, babu abin da ya ci har azahar. Sukarin jini ya yi ƙasa, jiki ya ɗauki ɓari, zufa ta keto, zuciya ta hau bugawa. Maganinsa wai lemun kwalba da biskit, waɗanda za su ɗaga shi na ɗan lokaci su sake shi ya faɗo. Haba jama'a! A Maraɗi, garin gujiya da aya da wake, a ce biskit ne abincin namiji mai aikin ƙarfi? Hura da nono ba tulin sukari, ko koko da ƙosai, ko ɗanwake, duk suna riƙe ciki saboda a hankali suke narkewa. Ni aljihuna ba ya rabuwa da gujiya ko ƙuli-ƙuli.

Ƴan uwa mata, ku ma ga naku. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a hannun masu talla, da yawansu akwai dekisametazon a ciki, magani ne mai ƙarfi da ke hana barci, ya kumbura fuska, ya hargitsa hankali. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina kwatsam, ta je likita ya sauke ta a hankali. Sannan ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga masu ciki da masu jego, yana kawo haki da bugun zuciya da ake ɗauka fargaba ce. Shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka a ba shi tazarar awa guda. A ci wake, hanta in da hali, da kwaɗon zogalen Jiratawa, a matsa lemun tsami a kai don yana taimaka wa jiki ya karɓa.

Sauran ƙanana ne. Rashin shan ruwa a zafin Afrilu da Mayu yana sa jiri da saurin bugun zuciya. Surfa hatsi har ya yi fari tas yana tafiya da maganeziyom da bitamin ɗin da ke cikin dusa. Kifin Madarunfa ko sardin na gwangwani sau ɗaya ko biyu a mako ya fi kwalbar bitamin ɗin da ta yini a rana kan tiren mai talla. Tiramol kuwa ba ma sai na ce komai ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda da sun ji wannan bayani sai su ɗauka abinci ne maganin komai, har wani ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa don ya fara cin zogale. Wanda bashi ko rashin aiki ko rasuwa ta hana shi sukuni, hura ba za ta warware masa ba. In ka rage shayi, kana karyawa da safe, kana barci, amma bayan wata guda gabanka bai daina faɗuwa ba, ka je asibiti a auna jininka da hawan jini, a duba maƙoƙo, domin idan ƙullin nan na wuya ya yi aiki fiye da kima, alamominsa da na fargaba kusan ɗaya ne. In kuwa da ciwon ƙirji ko suma, ranar za ka tafi, kada ka jira wata.