Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Fankar Lagireto Juyawa

Idan allurar zafi tana hawa a cunkoso amma ta sauka da zarar mota ta kama gudu, fanka za a fara tuhuma. Sai dai kada a yi gaggawar sayen sabuwa, domin ba ita ke kunna kanta ba. Sensar zafin ruwa ce ke sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta tada rile (makunnin da lantarki ke sarrafawa) idan ruwa ya kai kusan digiri 95 zuwa 105, rilen ya saki wutar batir zuwa fankar. A tsofaffin motoci, wani makunni da ke jikin lagireto ne ke yin wannan aikin.

Fara da duba ruwa bayan injin ya huce. Idan ruwa ya yi ƙasa, sensa iska take ji, ba za ta ba da labarin gaskiya ba. Sannan ka tada mota ka kunna AC. A yawancin motoci fanka za ta tashi. Idan ta tashi, ita da fis ɗinta lafiya lau, sai ka koma kan sensa.

Idan shiru, duba fis, galibi mai amfiya 30 ko 40. Daga nan sai rile. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da wani irinsa, kamar na hon. Da mitar awon lantarki kuma, tsakanin ƙafafun rilen masu lamba 85 da 86 ya kamata a ga om (ma'aunin turjiyar wuta) 60 zuwa 120, ƙafa 30 kuma ta nuna bolt 12. Ƙarar "ƙas" ba shaida ba ce, domin rile na iya yin ƙara alhali bakinsa da ke haɗa wuta ya ƙone.

Har yanzu shiru? Cire soket ɗin fankar, ka ba ta wuta kai tsaye ta waya mai fis, yatsunka nesa da fukafukai. Idan sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, kabon ɗinta (burushin da ke kai wuta cikin injin fankar) ya cinye. Idan kuma fankar mai gudu biyu ce, kuma ƙaramin gudun ne kaɗai ya ɓace, rizista (abin da ke rage mata wuta) ce ta ƙone. Fanka mai modul (ƙaramar na'urar da ke sarrafa gudunta) ba a yi mata gwajin ba da wuta kai tsaye, na'urar bincike ake jonawa, inda lambar P0480 ke nuna layin fanka.

A yawancin motoci, sensa mai lafiya tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta faɗo kusan 300 a digiri 80. Jona wa fanka wuta kai tsaye ta riƙa juyawa dindindin kuwa rufe matsala ne kawai: kabon zai ƙare da wuri, lalatacciyar sensar kuma ta ci gaba da sa injin shan mai.