Kafin likitarku ta ɗora bayanan marasa lafiya kan bulokcen

Aikina ajiye bayanan marasa lafiya ne a wata likita mai zaman kanta nan Damagaram, kuma masu tallar manhaja sun fara kawo mana zancen bulokcen. Bulokcen, wato sarƙar bayanai, rajista ce guda da kwafinta ke hannun cibiyoyi da yawa, abin da aka rubuta ba mai goge shi a ɓoye. Ina son fasahar, shi ya sa nake so majo ko shugaban likita ya auna ta da kyau kafin ya sa hannu.

Ku fara da gane mutum. Mata nawa ne masu suna Hadiza a rajistarmu, sunan uba iri ɗaya, ranar haihuwa kuma kintace? Ku ba kowa lamba guda da za ta bi shi daga CSI, ƙaramar cibiyar lafiya, har babbar likita, ku rubuta ta a karnensa. In babu wannan, sarƙar za ta dawwamar da kuskure ne kawai.

Sai kuran da rezo. Kowa ya tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ku tanadi sola da batir, ku ce mai manhajar ya kashe intanet a gabanku ya nuna tana aiki, tana aika bayanai in rezo ya dawo.

Kada ku yarda a zuba takardun jinya kansu a sarƙar. Ƙasar Istoniya, wadda tun 2016 take kare bayanan lafiya da fasahar bulokcen mai suna KSI ta kamfanin Guardtime, hatimin lissafi kawai take ɗorawa, mai tona asiri in an taɓa fayil. Bayanan na can a rumbun ajiya. Ku yi haka, ku zaɓi sarƙar da sai mai izini ke shiga. Sakamakon gwajin sida ba abin bazawa ba ne, kuma Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne mabuɗi, wato lambar sirrin da ake buɗe bayanan mara lafiya da ita. Ana cewa mara lafiya zai riƙe shi a wayarsa. To, matar da ta zo daga ƙauyen Mirya, wayar tana aljihun maigida, ba ta karatu, wa ke ba da izini a madadinta? In an kawo mutum a sume da tsakar dare fa? Ku rubuta ƙa'ida tun yanzu: lokotoron gaggawa ya buɗe, sarƙar ta ajiye sunansa da lokacin, a sanar da mai bayanan in ya farfaɗo. Ita kuwa matar ƙauyen, ku yi mata bayanin yardar da Hausa, baki da baki, ita kaɗai.

Ku tabbatar manhajar na magana da DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya ke karɓar rahoto da ita, don kada majo ya buga abu ɗaya sau biyu. Kuma a sa cikin yarjejeniya wanda zai biya kuɗin intanet, gyara da horar da sababbin ma'aikata ranar da masu tallafi suka tafi.