Kurakuran da masu farautar littattafan James Hadley Chase suka fi tafkawa

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa shekarun 80 zuwa 90 ya san yadda littafin Chase, marubucin labaran ɓarayi da masu binciken laifi, yake yawo hannu zuwa hannu, bango ya cire, an liƙe da salatif, lokacin firef kana ɓoye shi a tsakiyar littafin lissafi kana karantawa gabanka na faɗuwa kar firfet ya ƙwace. To yanzu an girma, an ɗan samu na saye, sai ciwon ya dawo, kowa so yake ya haɗa duka ya jera a kanta. Nan fa ake tafka shirme, kuma ba wai ina faɗa ne dan na fi kowa ba, kusan duk wanda zan lissafa sai da na afka masa da kaina.

Babban wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen littafi ɗaya sau biyu. Wata Asabar na shiga Sabon Gari a Kano wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, idona ya faɗa kan The Doll's Bad News, wallahi ban taɓa ganin sunan ba, ko ciniki ban tsaya yi ba na biya na cusa a aljihu ina murna kamar an min albishir da kujerar Makka. Bayan isha'i na haɗa shayi na miƙe ƙafa, shafi na uku kawai sai naga Dave Fenner, mai binciken laifin da shi ne jarumin labarin, zaune a ofis wata mace ta shigo masa a firgice, nace kai, ai na san wannan. Na miƙe na duba kanta, ga shi nan ina da shi tun tuni da sunan Twelve Chinks and a Woman. Labari ɗaya ne sak, suna kawai aka sauya, dama kalmar da ke cikin tsohon sunan cin fuska ce ga mutanen China. Kuma ba shi kaɗai bane, Figure It Out for Yourself shi ne The Marijuana Mob, The Dead Stay Dumb shi ne Kiss My Fist, Safer Dead kuma zaka ganshi a matsayin Dead Ringer. Masu buga littafi a Ingila da Amurka kowa yana sa sunan da yake ganin zai fi shiga kasuwarsa.

Maganin abun ba wuya. Kafin ka zaro kuɗi buɗe bayan shafin da aka rubuta sunan littafin, wajen ƙananan rubutun nan da ba wanda yake karantawa, sau da yawa a nan ake faɗar shekarar da aka fara buga shi da tsohon sunansa in akwai. In shafin ya yage, tsaya a tsaye ka karanta shafi biyun farko, mai kaya zai harare ka amma ba zai kore ka ba. Ni dai yanzu a waya nake ajiye lis, kuma ba suna kaɗai nake rubutawa ba, ina haɗawa da sunan jarumin da abin da ya faru a farkon labarin, dan suna yana yaudara amma farkon labari baya sauyawa.

Sai kuma akasin wannan, wato ka tsallake littafin Chase yana kallonka kana kallonsa saboda ba sunan Chase a jiki. Mutumin nan fa ba sunansa James ba, ba kuma Chase ba. Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond, haifaffen Landan a 1906, kuma ya yi rubutu da sunaye da yawa. Wanda ya fi yawa bayan Chase shi ne Raymond Marshall, da shi ya fitar da irin su Mallory da The Paw in the Bottle da Mission to Venice. Akwai He Won't Need It Now da ya fito da sunan James L. Docherty, akwai More Deadly Than the Male da sunan Ambrose Grant. Masu sayarwa da yawa basu san haka ba, sai kaga sun jefa Raymond Marshall cikin tarkacen da suke bayarwa a araha, Chase kuma sun tsuga masa kuɗi. Ka yi shiru da bakinka ka ɗauka. Amma ka tuna daga baya an sake buga waɗannan da sunan Chase, kaga in baka duba lis ɗinka ba ka koma gidan jiya. Kuma dan Allah kar ka ga Raymond ka rikice, Raymond Chandler wani mutum ne daban, shi ne mai jarumin nan Philip Marlowe, littattafansa suna da daɗi amma tafiyarsu ba ɗaya bace, wanda ya saba da gudun Chase zai ji kamar an taka masa birki.

Na uku shi ne wanda yake ban haushi, wai "sabon Chase ya fito". Ina zai fito? Bawan Allahn nan ya mutu ranar 6 ga Fabrairun 1985 a Siwizalan, littafinsa na ƙarshe Hit Them Where It Hurts a 1984 ya fito, gaba ɗaya abin da ya rubuta wajen casa'in ne tun daga No Orchids for Miss Blandish na 1939. Shikenan, rijiyar iya zurfinta kenan. Amma sai kaga ana ta tura fayil a WhatsApp da Telegram an manna sunansa a kan labarin da ko kusa ba nasa bane, wani ma ka buɗe kaga jarumi ya zaro wayar salula yana tura saƙo, a littafin mutumin da jarumansa sai sun nemi rumfar tarho sun jefa sulalla kafin su kira ɗan sanda. Inaga ruɗanin daga littattafan leƙen asiri na Nick Carter ya samo asali, dan shi kam suna ne na kamfani, marubuta da yawa ne suka yi ta rubutawa a ƙarƙashinsa, shi yasa baya ƙarewa. Chase mutum ɗaya ne. Duk sunan da baka gani a jerin littattafansa ba, ko dai tsohon ne aka sauya wa suna ko kuma jabu ne. Sannan duk fayil ɗin da yace sai ka sauke wata manhaja kafin ya buɗe, goge shi kawai, littafi baya buƙatar izinin shiga lambobin wayarka.

Batun karantawa a jere kuma, mutane suna wahalar da kansu inda bai kamata ba, su yi sakaci inda ya kamata su kula. Yawancin littattafan kowanne da ƙafarsa yake tsaye. Na Paradise City ɗin nan da ɗan sanda Tom Lepski yake ta hayaniya shi da matarsa Carroll, ɗauki duk wanda ka samu ka fara, ba abin da zaka rasa. Garin ma ƙirƙirarsa ya yi ya ajiye a Fulorida, na san wanda ya ɓata dare guda yana nemansa a taswira, dama shi kansa marubucin Bature ne ɗan Ingila, da taswirori da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya gina Amurkarsa. Amma na jarumar nan Helga Rolfe guda uku kar ka kuskura ka fara daga ƙarshe, An Ace Up My Sleeve na 1971 ne farko, sai The Joker in the Pack na 1975, sannan I Hold the Four Aces na 1977, in ka juya su ka riga ka san wa ya tsira wa ya faɗi, daɗin ya tafi. Haka The Flesh of the Orchid na 1948, ci gaban No Orchids ne, sai ka karanta uwar kafin 'yar.

Shi No Orchids ɗin ma akwai wani abu da ke haɗa abokai musu. Marubucin ya sake masa kwaskwarima a farkon shekarun 60, saboda haka mutum biyu zasu iya rantsuwa kowa ya karanta shi amma abin da suka gani a ciki ya bambanta, kuma ba wanda ya yi ƙarya. In kana da ɗaya ka ci karo da ɗayan, wannan ne kaɗai inda sayen littafi sau biyu ba asara bace.

Ga wani ɗan ƙarami amma mai ciwo, rashin duba ƙarshen littafi. Irin takardar da kamfanonin Corgi da Panther suka buga su da ita ta tsufa, gam ɗin ya bushe, kuma shafukan baya ne suke fara zubewa. Ka yi tunanin ka kwana kana bin ɓarayi sun fasa asusu sun fara cin amanar juna, saura shafi huɗu a san wa zai sha, sai kaga tallar wani littafi. Juya baya ka tabbata jimlar ƙarshe ta ƙare da aya, ka bi lambobin shafi da babban yatsa, ka ɗaga shi a rana ka ga ko gara ta yi hanya a ciki. Kuma kar ka nuna zumuɗi, daga mai kaya yaga idonka ya yi haske kuɗi ya ninka, haɗa shi da wasu biyu da baka damu da su ba kace nawa duka. Bangon kuma, ka san irin hotunan matan da suke sawa riƙe da bindiga, yawanci ma basu da alaƙa da labarin, naɗe shi da jarida kafin Hajiya ko yara su gani a fara maka tambayar da baka da amsarta.

Aro ne ban samo masa magani ba har yau. Na gwada rubuta suna da biro a shafi na 50, na gwada ɗaukar hoton mutum riƙe da littafin kafin ya fita da shi, na gwada cewa sai dai musaya, ka kawo wanda bani da shi ka tafi da nawa, wannan na ƙarshen ne kawai ya ɗan yi aiki. I Hold the Four Aces ɗina dai shekara ta uku kenan yana wajen wani abokina a Kaduna, duk sanda na kira sai yace saura babi biyu.