Kurakuran da Masu Gyaran Gida Ke Ta Maimaitawa Wajen Ba da Kwangila

A watanni uku da suka wuce mutum huɗu ne suka same ni da kuka iri ɗaya: sun ba da aikin gyaran gida, kuɗi sun ƙare, aiki bai kai rabi ba, mai aikin kuma ya daina ɗaga waya. Na ƙarshensu maƙwabcina ne a nan Tumfure, a Gombe. Ya zauna a zaurena yana nuna min alat ɗin kuɗin da ya tura ɗaya bayan ɗaya, hannunsa har rawa yake yi. Da na ce ina takardar yarjejeniya, sai ya sunkuyar da kai. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, domin ramin da suke faɗawa ni ma na taɓa faɗawa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne zuba wa ɗan kwangila kuɗi masu yawa a matsayin kafin alƙalami, ba rubutu, ba shaida, saboda kunya.

A ƙarshen 2023 muka yanke shawarar gyara gidan mahaifiyarmu da ke Jekadafari: a sauya kwano, a yi mata banɗaki a cikin ɗaki, a sake filasta. Wani na jikinmu ya kawo mutum, ya ce ya san shi shekara da shekaru, a masallaci ɗaya suke sallah. Mutumin ya zaga gidan, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, gara ka ba ni kuɗin kaya gaba ɗaya in saye su yanzu, kasuwar nan ba ta da tabbas." Maganar tasa kuwa tana kan hanya, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ke ta hawa. Na ba shi kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin. Ban ce ya kawo rasit ba, ban ce a sauke kayan a gidan ba. Na ji nauyin tambaya, kada wanda ya kawo shi ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Ya sauke siminti buhu 20, ya yaye rufin ɗakuna biyu, daga nan aiki ya fara tafiyar hawainiya. A watan Fabrairun 2024 farashin siminti ya yi tsallen da kowa ya shaida, buhun da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wasu wurare. Sai ga shi ya zo yana neman ciko. Na ce ina kayan da aka ce an saya tun Disamba? Nan magana ta fito: da kuɗinmu ya ƙarasa aikin wani a wata unguwa, da niyyar in an biya shi can ya dawo kan namu. Haka da yawansu ke yi, kuɗin wannan su rufe ramin wancan, wanda ya zo ƙarshe a layi shi ke kwana a ciki.

Ruwan farko ya same mu da tamfol a kan ɗakin Hajiya. Na shiga da asuba na tarar ruwa na bin bango, katifa ta jiƙe sharkaf, akwatin ƙarfen da take ajiye zannuwanta tun na aure yana zaune cikin ruwa. Wata biyar ta yi a gidan ƙanwata a Pantami. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, yaushe zan koma ɗakina?" Asarar kuɗin ba ta yi min ciwo kamar wannan tambayar ba.

Tun daga nan na raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Mai aiki ya rubuta min abin da yake bukata, mu tafi kasuwa tare, ni zan biya, a sauke a gidana, makullin sito a aljihuna. Kuɗin hannu kuma mataki-mataki: an gama rufi na gani, in biya na rufi, an gama filasta, in biya na filasta. Kashi 10 cikin 100 ina riƙe shi har sai ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan aikin. Duk wannan a rubuce, ko a fallen takarda ne: abin da za a yi ɗaki-ɗaki, irin kayan da kaurinsu, ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai ɗauki asara in aka ɓata kaya. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga ciki ba dangin kowa ba. Na san akwai masu cewa sayen kaya da kanka ɓata lokaci ne, kuma wanda ke aiki a Abuja ko Legas ba zai iya ba. Gaskiya ne. To ya sa wani daban, wanda ba shi da alaƙa da mai aikin, ya riƙe sito.

Masu cewa rubutu rashin yarda ne kuwa, ku ji tsoron Allah. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka fi sahabbai yarda da juna ne? Kana jin kunyar neman rasit, amma in abu ya lalace ba ka jin kunyar kai surukinka gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Zumuncin da kake tsoron takarda ta ɓata, rashin takardar ne ke ɓata shi. Mu da wanda ya kawo mana mutumin nan sai da muka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai batun bincike. Hoto a WhatsApp ba shaida ba ne, kowa na iya tsayawa gaban ginin wani a ɗauke shi. Sabon fenti ma ba shaida ba ne, don babu abin da ba ya rufewa. Ka ce ya kai ka aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu. Dubi kusurwar tagogi ko akwai tsaga, dubi silin ko akwai tabon yoyo, ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana ƙarar fanko. Sannan ka koma wurin mai gidan kai kaɗai, ba a gabansa ba, ka tambaya: ya gama a kan lokaci? Sau nawa ya nemi ƙari? Da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya zo? Ni har wurin mai bulo nake zuwa, in kuma ja lebura ɗaya gefe, in ji ko yana biyansu haƙƙinsu. Wanda ke riƙe haƙƙin lebura, naka ma zai riƙe.

Kuskure na biyu da ya ci ni, shi kuma rai yake iya ci. Shekarun baya na so in haɗe ɗakuna biyu a gidana su zama falo. Na tambayi birkila ko za a iya fasa bangon tsakiya. Ya ɗan bubbuga shi da guduma ya ce, "Ba komai Oga, mun saba." Kafin la'asar bango ya zama tarin ɓaraguzai. Ashe a kansa katakon rufi yake zaune. Bayan 'yan makonni silin ya fara yin ciki, tsaga ta taso daga saman taga, ƙofar falo ta daina rufuwa. A ƙarƙashin wannan silin yarana ke kwanciya suna kallo. Sai da na kira injiniya, aka tokare rufin, aka zuba fila biyu da bim, na biya kuɗin aiki sau biyu, na kuma sake silin gaba ɗaya.

Birkila gwani ne a jera bulo da filasta, ba na raina masa. Amma lissafin nauyi ba aikinsa ba ne, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su ce maka "ban sani ba." Duk aikin da ya taɓa bango, fila, dekin ko tushe, a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, a tambayi lambar rajistarsa ba tare da jin nauyi ba.  A Gombe abin ya fi muhimmanci, domin yawancin tsofaffin gidajen cikin gari ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti, sai an fasa ake gane abin da ke ciki. Ga kuma ƙasar tamu: wani wuri yashi ne da ruwa ke kwashewa, kowa ya ga yadda zaizayar ƙasa ta ci unguwanni, wani wuri laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. Mutum ya tashi ya ɗora bene a kan tushen da aka yi don gidan ƙasa, don kawai magini ya ce zai ɗauka! Irin wannan aikin sai da zane da izinin hukumar tsara birane ta jiha, kuma ɗan kwangilar da ya ce maka a bar izini, shi zai san yadda zai yi, sallame shi tun a ranar.

Ranar zuba kankare kada ka je ko'ina. A nan ake sauya rodi mai milimita 12 da mai 10, a nan ake ƙara yashi a rage siminti. Awon da aka saba a ƙananan gidaje shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ka tsaya ka ƙirga da idonka. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman a zafin Maris da Afrilu ko iskar hunturu mai busar da komai. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka ni ba na bari a cire sandunan da suka tokare dekin kafin sati uku, ko da kafinta na kukan yana da wani aikin da zai kai su.

Sauran ƙanana ne, amma suna tara asara. Kada ka ɗauki wanda ya fi kowa araha cikin mutum uku, ragowar a jikin kayanka zai fanshe ta. Bulo, ɗaga shi zuwa ƙugu ka saki, in ya wargaje kamar garin kwaki a mayar wa mai shi. Wayar wuta: milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket sai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma layinsu daban. Kada a shimfiɗa tayil sai an saki ruwa a bututu ya kwana an ga babu yoyo. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara a gabanka. Tsohon kwano da ƙofofin da aka cire, a faɗi na wane ne tun farko, don na ga an yi faɗa a kansu. Ka daina sauya ra'ayi kullum, yau a matsar da ƙofa gobe a ƙara taga, in kuma dole ne, a rubuta kuɗin sauyin kafin a taɓa guduma. Indararo da kwata kada su juya gidan maƙwabci. Gidan da iyali ke ciki, a tsayar da lokacin shigar ma'aikata da ƙofar da za su bi, a san kuma sunan kowannensu. Rufi kuwa, in Afrilu ya shiga ba a yaye shi sai sabon kwano da ƙusoshinsa suna ajiye a tsakar gida.

Ranar biyan kuɗin ƙarshe ina zuwa da cajar waya in gwada kowane soket, in buɗe kowane famfo, in zuba bokitin ruwa a banɗaki in ga ko zai bi rariya ko zai kwanta a kusurwa. In sa yaro ya hau rufi da tiyo, ni kuma ina ciki ina duban silin. Abin da bai yi ba in rubuta shi a bayan takardar yarjejeniyar, mai aikin ya sa hannu, mu tsayar da ranar da zai dawo.